Tayi da Albarka a Kasuwar Intanet: Yadda Cinikin Microsoft da Yahoo Ya Watse

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa, ko da nan kasuwar Lafiya ce, ya san yadda ciniki yake tafiya. Mai saye zai taya, mai kaya ya ce "albarka", mai saye ya ƙara wani abu, a yi ta ja-in-ja har mai kaya ya sallama, ko kuma kowa ya kama gabansa. Wani lokaci mai doya yakan ƙi kuɗin da aka taya masa da safe yana jiran mai ƙari, sai ga shi da yamma yana neman wanda zai saya a rabin wannan kuɗi don kada ya koma gida da kaya.

Irin wannan ciniki ne aka yi a ƙasar Amurka a shekarar 2008, sai dai abin da aka kasa a faifai kamfani ne sukutum. Kamfanin Microsoft ya taya kamfanin Yahoo a kan Dalar Amurka biliyan 44.6, shugabannin Yahoo suka ce albarka. Bayan shekara tara, aka sayar da ginshiƙin harkokin Yahoo na intanet a kan Dala biliyan 4.48, wato kusan kashi ɗaya bisa goma na wancan tayi.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana su wane ne waɗannan kamfanoni, da abin da suke sayarwa, da yadda cinikin ya gudana har ya watse, da abin da ya biyo baya. Daga ƙarshe za ta nuna inda lamarin ya shafi ɗalibin Hausa, domin kuwa akwai ajiyarmu a cikin gidan da aka yi cinikinsa.

Su Wane ne Masu Cinikin?

Bill Gates da Paul Allen ne suka kafa kamfanin Microsoft a shekarar 1975. Sana'arsa ita ce ƙera manhajojin kwamfuta, musamman Windows wadda take tafiyar da kwamfutar, da kuma Word da 'yan'uwanta da ake aikin ofis da su. Duk ɗalibin da ya taɓa kai aikin jinga ko kundin digiri shagon buga takardu ya yi hulɗa da Microsoft, ko ya sani ko bai sani ba. A lokacin da ake magana a kai, Steve Ballmer ne shugaban kamfanin, kuma ya riƙe wannan muƙami daga 2000 zuwa 2014.

Shi kuwa Yahoo, ɗalibai biyu ne na Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, Jerry Yang da David Filo, suka fara shi a 1994. Da farko jerin sunayen gidajen yanar sadarwa kawai suke tarawa, suna karkasa su bisa fanni kamar yadda ake tsara littattafai a laburare. Abin ya karɓu ƙwarai, har kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. A 1997 ya buɗe akwatin wasiƙun imel kyauta, ya kuma ƙara da labarai da wasanni da hira. A watan Janairu na 2000 darajarsa a kasuwa ta haura Dala biliyan 100. A wancan zamani, idan mutum ya shiga intanet, galibi ta ƙofar Yahoo yake shiga.

Akwai kuma na uku, wanda ba ya cikin masu saye da sayarwa, amma saboda shi aka tayar da cinikin. Wannan shi ne Google, wanda Larry Page da Sergey Brin, su ma ɗaliban Stanford, suka kafa a 1998. Aikinsa ɗaya ne tak a farko: ka rubuta abin da kake nema, manhajarsa ta bincike ta zaƙulo maka shi cikin ƙiftawar ido.

Me Ake Sayarwa a Kasuwar Intanet?

Mai karatu zai iya tambaya: kamfanin da yake ba da imel kyauta, da bincike kyauta, da labarai kyauta, daga ina yake samun kuɗi har a taya shi biliyoyin Dala? Amsar ita ce talla. Kamar yadda gidan rediyo yake watsa shirye-shirye kyauta amma 'yan kasuwa su biya don a sanar da hajarsu, haka waɗannan kamfanoni suke tara jama'a, sannan su sayar wa masu talla damar kaiwa gare su.

Tallar intanet iri biyu ce. Ta farko ita ce ta hoto, wadda ake liƙawa a saman shafi ko gefensa. Ta yi kama da allunan talla da ake kafawa a Titin Jos ko Titin Makurɗi: kowa zai gani, mai buƙata da marar buƙata. A wannan fage Yahoo ya yi fice. Ta biyu ita ce tallar bincike. Idan mutum ya rubuta cewa yana neman injin ban-ruwa, sai tallar masu sayar da injin ban-ruwa ta fito masa tare da sakamakon bincikensa. Wannan ta yi kama da dillalin da ya ji abin da ka zo saye tun daga bakin kasuwa, ya kama hannunka ya kai ka rumfar mai kayan. Masu talla suna yin gwanjo a kan kalmomin da mutane suke nema, kuma ba sa biya sai an latsa tallarsu. Saboda haka ta fi kawo kuɗi.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan kasuwa da ya kamata a lura da ita. Manhajar da ta fi yawan masu bincike ita take ƙara ƙwarewa, domin tana koyo daga abin da mutane suke latsawa. Inda jama'a suka fi yawa nan masu talla suke rububi, gwanjo ya yi zafi, farashi ya tashi, kamfani ya sami kuɗin ƙara gyara manhajarsa. Ke nan wanda ya yi gaba yana ƙara yin gaba. Wannan ya nuna cewa hajar da ake ciniki a kanta ita ce jama'ar da suke amfani da shafin: idanunsu, da lokacinsu, da bayanan abin da suke so. A 2008 kimanin mutum miliyan 500 ne suke ziyartar shafukan Yahoo a kowane wata a faɗin duniya. Su ne Microsoft ya zo saye.

Yadda Bango Ya Tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bangon Yahoo ya fara tsagewa ne tun lokacin da yake kan ganiyarsa. A 1999 ya kashe biliyoyin Dala wajen sayen kamfanonin GeoCities da Broadcast.com, kuma duka biyun ba su yi masa rana ba. Da kasuwar kamfanonin intanet ta faɗi a 2000 da 2001, hannun jarinsa ya yi mummunar faɗuwa.

Babban kuskuren kuwa a harkar bincike aka yi shi. Daga shekarar 2000 zuwa farkon 2004, Yahoo ya ɗauki Google haya don ya riƙa samar da sakamakon bincike a shafinsa. Ta haka miliyoyin mutane suka san sunan Google, suka kuma gane cewa za su iya zuwa wurinsa kai tsaye. Da Yahoo ya farga, sai ya sayi kamfanin bincike na Inktomi, ya kuma sayi Overture a 2003 a kan kimanin Dala biliyan 1.6. Overture shi ne ya fara yaɗa tsarin gwanjon kalmomi, amma Google ya fi shi iya aiki da shi. A wurin Yahoo, wanda ya fi taya kuɗi shi ake sa wa talla a sama. A wurin Google kuwa ana haɗa kuɗin da aka taya da yiwuwar mutane su latsa tallar, don haka tallarsa ta fi dacewa da buƙatar mai bincike, ta fi kawo kuɗi. Sai a 2007 Yahoo ya fito da sabon tsari mai kama da wannan, wanda ya kira Panama.

A fagen imel ma an taɓa shi. A ranar 1 ga Afrilu, 2004, Google ya fito da Gmail, ya ba kowane mutum ma'ajiyar gigabayit 1 kyauta, alhali Yahoo megabayit 4 yake bayarwa. Zuwa ƙarshen 2007, cikin kowane bincike 100 da aka yi a Amurka, Google yana da kimanin 58, Yahoo 23, Microsoft kuwa 10. A wannan shekara kuɗin shigar Google sun kai Dala biliyan 16.6, na Yahoo kuma kusan biliyan 7. Shugaban Yahoo na lokacin, Terry Semel, ya sauka a watan Yuni na 2007, Jerry Yang ya karɓi ragama da kansa. A ƙarshen Janairu na 2008 kamfanin ya sanar da cewa zai sallami ma'aikata 1,000.

Shi ma Microsoft hankalinsa ba a kwance yake ba. Duk da ɗimbin ribar da yake samu daga Windows, sashensa na intanet asara yake tafkawa. Yana kuma tsoron ranar da mutane za su koma yin ayyukansu a intanet, su daina damuwa da manhajar da ke cikin kwamfutarsu. Lissafin Ballmer mai sauƙi ne: na biyu da na uku su haɗu, su sami kusan kashi ɗaya bisa uku na kasuwar, sannan a iya ja da Google.

Ma'anar Tayin Sayen Kamfani

Kafin a shiga labarin cinikin, yana da kyau a fahimci yadda ake sayen kamfani irin wannan. Kamfanin da ya shiga kasuwar hannun jari ya tashi daga mallakar mutum ɗaya, ya zama na dubban masu hannun jari. Su ne suke zaɓen hukumar daraktoci, ita kuma hukumar ta naɗa shugaban da zai gudanar da aiki. Mai son sayen kamfanin zai rubuta wa hukumar, ya faɗi abin da zai biya a kan kowane hannun jari, kuma dole ya ɗora wani abu a kan farashin kasuwa don masu shi su yarda su rabu da shi.

Idan hukumar ta amince, sai masu hannun jari su kaɗa ƙuri'a, hukumomin gwamnati masu hana babakere a kasuwa su duba. Idan ta ƙi, mai saye yana da hanya biyu ta yin ƙarfa-ƙarfa. Zai iya tsallake hukumar ya nemi masu hannun jari su sayar masa kai tsaye, ko kuma ya tsayar da nasa 'yan takara a zaɓen daraktoci, su kayar da masu ƙin cinikin. A taƙaice, daraktoci tamkar dillalai ne da aka ba amanar kaya. Suna iya cewa albarka, amma masu kayan suna iya tambayarsu dalili.

Haɗewar kamfanoni ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A 2004 da 2005, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo ya tilasta wa kowane banki ya mallaki jarin Naira biliyan 25, bankuna 89 sun koma 25. A nan ne Bankin Arewa ya narke cikin bankin Unity tare da wasu bankunan. Bambancin shi ne wannan gwamnati ce ta tilasta, na Microsoft da Yahoo kuwa kasuwa ce ta kawo shi.

Tayi da Albarka: Fabrairu Zuwa Mayu, 2008

A ranar 1 ga Fabrairu, 2008, Microsoft ya bayyana wa duniya cewa ya taya Yahoo a kan Dala 31 kowane hannun jari, rabi tsabar kuɗi, rabi kuma hannun jarin Microsoft. Jimillar ita ce Dala biliyan 44.6. Kwana ɗaya kafin nan, hannun jarin Yahoo Dala 19.18 yake a kasuwa, ke nan an ɗora masa kashi 62 cikin 100. Idan aka juya wannan kuɗi bisa canjin lokacin, da Dala ɗaya take kusan Naira 118, ya haura Naira tiriliyan 5, wato ya zarce kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na shekarar gaba ɗaya da nisa.

Nan da nan Google ya fito ya soki tayin ta bakin babban lauyansa, yana cewa Microsoft zai iya yin babakere a intanet kamar yadda ya yi a harkar kwamfuta. A ranar 11 ga Fabrairu hukumar daraktocin Yahoo ta ƙi tayin, ta ce an rage wa kamfanin daraja sosai. Bayan haka ta fito da wani tsari na biyan ma'aikata kuɗin sallama masu kauri idan wani ya sayi kamfanin ya kore su, abin da zai ƙara wa mai saye nauyi. Ta kuma shiga tattaunawa da kamfanonin AOL da News Corporation don neman wata mafita. A watan Afrilu ma har gwaji ta yi na sanya tallar Google a shafin bincikenta.

Da Ballmer ya ga haka, a ranar 5 ga Afrilu ya ba Yahoo wa'adin mako uku, ya ce idan ba a daidaita ba zai tafi wurin masu hannun jari kai tsaye. Wa'adin ya cika bai yi hakan ba. A ranar 3 ga Mayu, Yang da Filo suka tashi zuwa birnin Seattle suka gana da shi. Microsoft ya ƙara tayinsa zuwa Dala 33, wato ƙarin kimanin Dala biliyan 5 ke nan a jimilla idan aka kwatanta da darajar tayin farko a lokacin. Mutanen Yahoo suka tsaya a kan Dala 37. A wannan rana Ballmer ya rubuta wasiƙar janye tayinsa. Dala 4 ce a tsakaninsu, a kanta ciniki ya watse. Da aka buɗe kasuwa ranar Litinin, 5 ga Mayu, hannun jarin Yahoo ya faɗi da kimanin kashi 15 cikin 100.

Me Ya Sa Yahoo Ya Ƙi?

Dalilin da hukumar ta bayar shi ne farashi. Tana ganin Microsoft ya zo ne a daidai lokacin da kaya suka karye don ya saya da araha, kuma sabbin tsare-tsaren Yang ba su kai ga haifar da ɗa mai ido ba tukuna. Tana kuma da hujja guda mai ƙarfi: a 2005 Yahoo ya zuba Dala biliyan 1 ya mallaki kimanin kashi 40 cikin 100 na kamfanin Alibaba na ƙasar Sin, ga kuma kasonsa a Yahoo Japan. Wannan jari na Alibaba daga baya ya zama dukiya mai tarin yawa.

Masu suka kuwa suna ganin akwai son zuciya a ciki. Yang shi ya haifi kamfanin, kuma da wuya uba ya ga aibin ɗansa ko ya miƙa shi ga abokin hamayya. Akwai kuma bambancin al'adar aiki tsakanin kamfanonin biyu, da tsoron cewa ƙwararrun ma'aikata za su gudu idan Microsoft ya karɓa. Amma kayan ba na Yang kaɗai ba ne. Masu hannun jari da dama sun fusata, wasu suka kai ƙara kotu. Wani attajiri mai suna Carl Icahn ya sayi hannun jari masu yawa, ya ƙaddamar da yaƙin tumɓuke daraktocin a watan Mayu, sai da aka ba ɓangarensa kujeru uku a hukumar a watan Yuli sannan ya lafa.

Bayan Watsewar Ciniki

A watan Yuni na 2008 Yahoo ya ƙulla yarjejeniyar talla da Google, wato abokin hamayyar da ya jefa shi cikin halin. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta nuna cewa za ta kai ƙara don hana babakere, sai Google ya janye a farkon Nuwamba. A daidai lokacin tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali, hannun jarin Yahoo ya faɗi ƙasa da Dala 10. Yang ya fito fili ya ce har yanzu ƙofa a buɗe take ga Microsoft, amma Ballmer ya ce ya wuce wurin. Da-na-sani ƙeya ce. A cikin watan ne aka sanar cewa Yang zai sauka, Carol Bartz ta gaje shi a Janairun 2009.

A watan Yuli na 2009 kamfanonin biyu suka ƙulla wata yarjejeniya ta shekara 10. Yahoo ya daina gudanar da manhajar bincike tasa, ya koma amfani da Bing, sabuwar manhajar Microsoft, a bisa sharaɗin zai riƙe kashi 88 cikin 100 na kuɗin tallar da aka samu a shafukansa a shekaru biyar na farko. Ta haka Microsoft ya sami babban abin da ya zo nema ba tare da ya sayi kamfanin ba.

Daga nan Yahoo ya yi ta canza shugabanni. An kori Bartz a 2011, wanda ya gaje ta bai cika wata biyar ba, sannan aka ɗauko Marissa Mayer daga Google a 2012. Ta sayi Tumblr a kan Dala biliyan 1.1 a 2013, amma lamura ba su gyaru ba, domin jama'a sun riga sun koma wayar hannu da Facebook. A 2016 kamfanin sadarwa na Verizon ya amince zai sayi harkokin Yahoo na intanet a kan Dala biliyan 4.83. Ana cikin haka sai ta bayyana cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin rumbun bayanan kamfanin a 2013 da 2014. Verizon ya rage Dala miliyan 350, aka kammala ciniki a Yunin 2017 a kan biliyan 4.48. Daga baya aka tabbatar cewa kutsen 2013 ya shafi dukkan akwatuna biliyan 3 da ke wurin. A 2021 Verizon ya sake sayar da Yahoo haɗe da AOL ga kamfanin zuba jari na Apollo a kan Dala biliyan 5.

Adalci shi ne a faɗi cewa wannan kuɗi na Verizon bai haɗa da jarin Alibaba da na Yahoo Japan ba, waɗanda darajarsu ta kai biliyoyin Dala masu yawa, kuma masu hannun jari sun amfana da su. Haka nan babu tabbacin cewa da Microsoft ya saya da abin ya yi kyau. Kamfanin talla na aQuantive da ya saya a 2007 a kan kimanin Dala biliyan 6 ya zama asara a 2012, haka ma sashen wayoyin Nokia da ya saya a 2014. Shi kuwa Google ya ci gaba da mamaye harkar bincike, har a watan Agusta na 2024 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukuncin cewa ya yi babakere ba bisa doka ba.

Ina Ruwan Ɗalibin Hausa?

Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, shagunan intanet ma suna yaɗuwa a biranen ƙasar. Mafi yawan waɗanda suka buɗe adireshin imel a wancan zamani a Yahoo suka buɗe. Da shi ake neman gurbin karatu, da neman aiki, da gaisawa da 'yan'uwa a ƙasashen waje. Sunan ya shiga bakin jama'a har aka riƙa kiran masu damfara ta intanet "'yan Yahoo", kuma wannan laƙabi yana nan har yau, ko da yake kamfanin ba shi da hannu a aikinsu. Duk wanda yake da akwati a Yahoo a 2013, a Lafiya yake ko a Kano, kutsen da aka ambata ya shafe shi.

Abin da ya fi kusa da fagenmu shi ne majalisun tattaunawa na Yahoo. A 2001 aka buɗe majalisar Finafinan Hausa, wadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yake cikin jagororinta, sannan ga majalisar Marubuta. A waɗannan majalisu malaman jami'a da marubuta da 'yan fim da masu kallo, na gida da na ƙetare, suka yi shekaru suna muhawara da Hausa da Ingilishi a kan rawa da waƙa a fim, da tasirin finafinan Indiya, da tace finafinai, da matsayin littattafan soyayya na Kano. Wannan yunƙuri yana da hannu a taron ƙasa da ƙasa kan finafinan Hausa da aka yi a Kano a watan Agusta na 2003, wanda aka buga takardunsa a littafi a 2004.

Sabon mai gida ba lallai ne ya damu da kayan da ya tarar a ɗaki ba. An rufe GeoCities a 2009, an rufe manhajar hira ta Yahoo Messenger a 2018. A ƙarshen 2019, lokacin da kamfanin yake hannun Verizon, aka sanar cewa za a goge abubuwan da aka ajiye a majalisun, aka kuma rufe su gaba ɗaya a ranar 15 ga Disamba, 2020. Ɗalibin da yake son rubuta kundi a kan muhawarar fim ta wancan lokaci ba zai same ta a shafin Yahoo ba. Sai dai ya nemi wanda ya kwafa ya adana. Littafin da aka buga a 2004 kuwa yana nan a laburare.

Irin wannan yana faruwa a gida ma. A farkon 2018 kamfanin kwamfuta na Zinox ya sayi kasuwar intanet ta Konga bayan ta shiga matsalar kuɗi, aka haɗe ta da kishiyarta Yudala. A can an sallama, kuma sunan Konga ya rayu. Shi kuwa dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sanya ƙagaggun labaransu, an rufe shi a ƙarshen Nuwamba na 2023. A yanzu ɗimbin littattafan Hausa da waƙoƙi da muhawarori suna zaune ne a WhatsApp da Facebook da Wattpad da YouTube, kuma kowannensu kamfani ne da za a iya tayawa, a sayar, ko a rufe, ba tare da an shawarci marubuci ko mai karatu ba.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana yadda Microsoft ya taya Yahoo a 2008 don ya tara jama'ar da zai ja da Google, da yadda shugabannin Yahoo suka ƙi sallamawa a kan bambancin Dala 4, da yadda kamfanin ya yi ta sauya hannu daga baya. An ga cewa darajar kamfanin intanet tana rataye ne a kan jama'ar da suke amfani da shi, kuma jama'a suna iya tashi cikin ɗan lokaci su koma wata rumfa. An kuma ga cewa a duk wannan ciniki ba a tambayi masu ajiya a gidan ba.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shawarar da za a bayar ga ɗalibai ita ce duk wanda yake nazari a kan adabin da ke intanet ya kwafi matanin da yake aiki a kansa, ya rubuta sunan marubuci da ranar da ya samo shi, ya ajiye a wuri fiye da ɗaya, ya kuma buga muhimman sassa a takarda ya haɗa da kundinsa. Marubuta su riƙe asalin rubutunsu a hannunsu. Sassan koyar da Hausa a jami'o'inmu, da ƙungiyoyin ɗalibai, su ma za su iya buɗe ƙaramar taska ta tattara irin waɗannan rubuce-rubuce da izinin masu su, kamar yadda magabata suka tattara rubutattun waƙoƙin ajami da faifan mawaƙan baka, waɗanda da su muke karatu a yau.